Ɗan Majalisar da Ba a Yaye Ba

SHAFI NA 17

Mutanen Jibo, na ji ƙorafinku. Wata ta turo min saƙo kan saƙo, wai na bar ta tsaye a ƙofar garaji har tuwonta ya ƙone. Yi haƙuri 'yar'uwa, ga ƙofa na buɗe. Waɗanda suka shigo mana yau kuma, mun tsaya ne inda Baba Illiya ya aiko a kira masa Honorabul Jibrilla, ɗan majalisarmu na Zongo mai neman komawa kujerarsa karo na biyu. Ya ce ya zo da sanyin safiya, kuma ya taho da wadda ta rubuta masa takardar kamfe.

*

Tun daga bakin lungu Jibrilla ya kashe tsohuwar mobiletinsa, ƙaramin babur ɗin nan, ya sauko ya kama turawa.

Munira, 'yarsa ta fari, ta diro daga baya tana riƙe da waya.

"Papa, lafiya? Essence ya ƙare? Ba mai?"

"Ba a shiga garajin Baba a kan moto."

"Ko dapite ne, ɗan majalisa guda?"

"Dapite na baro shi a Asambile. Gyara ɗankwalinki."

Ta gyara tana tura baki. Ita fa yarinyar nan ta gama jami'a, Faransanci a bakinta kamar ruwan famfo, kuma tun da kamfe ya fara ita ce mai hoto, ita ce mai Facebook, ita ce mai tsara afishi, wato takardun nan masu hotonsa da aka lilliƙe a bangwayen gari. Aikinta take yi da zuciya ɗaya. Abin da ba ta sani ba ne ya jawo musu wannan kira.

Shi kuwa Jibrilla tsoron kiran yake. Mutum ne da ya tsaya a zauren majalisa ya yi ta-maza da masu digiri, da guntun Faransancinsa na wanda ya baro lekol, wato makaranta, tun yana ƙarami, bai taɓa ja da baya ba. Amma yau da aka ce Baba na kira, ko koko bai iya sha ba.

Dalili a fili yake. Ranar Asabar ne babban mitin ɗinsa. Kanikawa su suka ɗauke shi a kafaɗa suka kai shi majalisa karon farko, daga Zongo har Tiendpalogo, su da matansu da masu kawo musu gyara. Su kuwa kanikawa ba sa motsi sai masu garaji sun ce, masu garaji ba sa cewa sai sun ji bakin Baba Illiya. In tsohon nan ya ƙi zama a gefensa ranar Asabar, to kujera ta tafi, ba sai an jira ranar zaɓe ba.

Ba ma kujerar ce ta fi damunsa ba. Ubansa ɗan dako ne, mai sauke huhun goro a kasuwa. Da ya rasu, Baba Illiya ne ya kama hannun marayan ya kawo shi ƙarƙashin rumfarsa, ya ci da shi, ya koya masa sana'a, ya tsaya masa har aure. Fushin irin wannan mutum ba abin da za a kwana da shi ba ne.

Suna shiga ya ga bangon garaji fayau. Inda aka liƙa afishinsa sai tabon gam.

Ramalan da Tijjani, masu koyon aiki a wajen Baba, suna durƙushe kan wani inji. Ba yara ba ne, magidanta ne, Ramalan ma har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Suka gaishe shi ƙasa-ƙasa, kowa ya maida kai kan aikinsa kamar injin ne ya yi musu laifi.

Baba yana zaune inda ya saba, kan tsohuwar kujerar mota da aka ɗora kan bulo, carbi a hannu, fuska a murtuke.

Jibrilla ya cire takalmi ya tsuguna.

"Baba, barkanku da asuba. Kun tashi lafiya?"

"Lafiya."

"Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya."

Shi ke nan. Ba tambayar iyali, ba "ya majalisa", ba komai.

Munira ta matso da fara'arta, don tsakaninta da tsohon wasan jika da kaka ne tun tana rarrafe.

"Yaaba, ne y yibeoogo! Barka da asuba! Yau ba za a ce min na yi kyau ba?"

"Madam Faransi, ke ce mai alƙalamin?"

Murmushinta ya ɗan rage.

Ya ɗaga cinya ya zaro afishin a ninke, ya miƙa.

"Ni ban yi lekol ba. Karanta min."

Ta warware.

"Jibrilla, fils de Zongo, patron mécanicien."

"Maimaita na ƙarshen."

"Patron mécanicien."

"Da Hausa."

"Wato... patoro, Yaaba. Babban bakanike, mai zaman kansa."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. Ya ajiye carbin.

"Jibo."

"Na'am, Baba."

"Wa ya yaye ka?"

Ƙarar guduma ta ɗauke a wajen su Ramalan. Jibrilla ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasar da baƙin mai ya rine.

Bari in ɗan tsaya nan saboda 'yan zamani irin Munira. A garajojin unguwarmu, mutum ba ya zama patoro don ya iya aiki. Sai an yaye shi. Ana sayen goro a raba wa kowane mai garaji, a sa rana su hallara su zama shaidu. Ubangida ya ɗebo ruwa da kansa ya wanke wa yaronsa hannu, ya ɗora masa akwatin kayan aiki, a shafa fatiha. Daga ranar ne zai iya kafa allo da sunansa. Kafin wannan rana, ko jirgin sama yake gyarawa, sunansa aparanti, mai koyon aiki.

"Da kai nake," in ji Baba. "Wa ya yaye ka?"

"Ba kowa, Baba."

Munira ta saki baki.

"Comment ça ba kowa? Papa, ka fi shekara talatin a cikin aikin nan!"

"Ba a yaye ni ba, Munira."

"Mais... sharar Asabar fa?"



Kowace Asabar ta duniya, tun kafin ya zama ɗan majalisa har bayan ya zama, Jibrilla kan zo da sassafe ya sa shuɗin kayan aikinsa, ya share garajin nan tas, ya jera kayan aiki, sannan ya wuce harkokinsa. Munira ta ɗauki hoton sharar nan ba adadi. Bidiyonta ɗaya ma ya zaga gari, mutane suna ta yabon dapite mai tawali'u.

Ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah! Ni na ɗauka communication ce! Na ɗauka dabara ce ta kamfe!"

"Dabarar gidanku," in ji Baba. "Aparanti ne yake share garajin ubangidansa. Ke kuma kin bi shi da waya kina nuna wa duniya."

Tijjani ya toshe baki da hannun riga. Kafaɗunsa sai rawa suke.

Baba ya juyo da fuskarsa wajen Jibrilla.

"Jiya bayan La'asar patorori suka tare ni a ƙofar masallaci. Na unguwar Koulouba ne ya fara. Ya ce, Alhaji, Allah ya sanya alheri, ashe an yaye Jibo. Na ce yaushe? Ya ce ga shi nan a bango. Wani ya ce, mu dai ba mu ga goro ba. Wani ya ce, ai yanzu Alhaji ya zama uban dapite, goronsa sai ministoci."

Ya buga tafin hannu a gwiwa.

"Ni! Ni Illiya! Wane yaye aka yi a garin nan ban je ba? Hannun waye aka wanke ban tsaya a kai ba? Yau ni za a ce na yi yaye a ɓoye na hana 'yan'uwana goro?"

"Baba, ku yi haƙuri."

"In na ce na yaye ka, na zama marowaci mai raina abokan sana'a. In na ce ban yaye ka ba, yarona ya zama maƙaryaci a bangon kowane lungu. Wanne zan ɗauka? Sun ce ba mai kawo yaransa mitin sai na yi magana."

Idon Munira ya kawo ruwa. Ta durƙusa.

"Yaaba, laifina ne. Wallahi Papa bai gani ba sai da aka buga. Ni girmama shi na so yi. C'est tout."

"Ke tashi. Ke ba ki da laifi, lekol ce ta cinye miki kai. Shi da ya gani, me ya hana shi sa a cire?"

Nan ne wurin da ke ciwo. Jibrilla ya ga afishin tun ranar da aka kawo shi daga wajen bugu. Ya ga kalmar. Ya buɗe baki zai ce a gyara, sai ya kasa. Ya daɗe yana kallon sunansa da patoro a gefe, abin ya yi masa daɗi, daɗi irin na yaron da aka ara wa sabuwar riga. Ya ce a ransa bari ta kwana ɗaya. Kafin ya farga an liƙe gari.

"Na yi kuskure, Baba. Yau za a bi a ciccire."

"A cire daga bango. Daga bakin mutane fa?"

Baba ya ɗauki carbinsa, ya sake ajiyewa.

"Kuma ba shi ke nan ba. Na ji ka a rediyo."

Jibrilla ya ɗago.

"Wai in ka koma za ka kawo doka. Wai kada ubangida ya riƙe aparanti fiye da shekara huɗu. Wai gwamnati ta ba shi takarda ko ubangida ya so ko ya ƙi. Haka ne ko ƙarya aka yi maka?"

"Haka ne, Baba."

"To! Ka je rediyo ka kai ƙarata."

"Ban kira sunan kowa ba."

"Ka ce ka san wani da ya tsufa ba a yaye shi ba. Duk Zongo akwai tsohon da bai san wanin ba?"

Jibrilla ya gyara tsuguno. Muryarsa ta fito a hankali, irin wadda ba ya yi a majalisa.

"Baba, abu uku na ce zan koma in yi. Kanibon unguwar nan, wato magudanar ruwa, don ruwan damina ya daina shiga ɗakunan mutane. Na fara, ban gama ba. Na biyu, aparanti in ya ji ciwo a bakin aiki a samu mai kai shi asibiti, ba a yi ta karo-karo a ƙofar masallaci ba. Na uku shi ne wannan. Kun san yaran da ke garajojin nan. Mutum ya iya aiki sarai, ya yi aure, ya haihu, amma ba shi da allo, ba shi da takarda, in ubangida ya mutu ya zama ba kowa ba. Ni da na zama dapite ma abin bai bar ni ba, balle wanda ba shi da komai."

"Ka gama lacca?"

"Ban gama ba."

Munira ta kalli ubanta da mamaki. Ba ta taɓa jin ya maida wa tsohon nan magana ba.

"Tambaya ɗaya nake da ita, Baba. Na daɗe ina haɗiye ta. Waɗanda na koya wa riƙon kile na kwance ƙusa kun yaye su a gabana. Ni na raba goronsu da ƙafata. Ni na ɗebo ruwan da kuka wanke musu hannu. Kullum ina cewa gobe ni ne."

Ya ci gaba:

"Me ya rage min? Wane aiki ne ban iya ba? In wani laifi na yi muku, ku faɗa min in roƙi gafara. Wallahi ko a kujerar majalisa nake zaune, in abin ya faɗo min sai in ji kamar sata na yi na shigo."

Baba ya kau da kai gefe.

"Ba a tambayar ubangida dalili."

"A'a, yau kam sai an tambaya!"

Muryar daga ƙofar baya ta fito, wadda ta haɗa garajin da cikin gida. Inna Adawiyya ce, matar Baba, da ƙwaryar zomkom, ruwan garin gero, a hannu. Da gani ta jima a bayan labulen. Ta dire ƙwaryar gaban Munira.

"Sha, 'yar nan, ki daina kuka. Rigimar tsofaffi ce, ba taki ba."

"Adawiyya, wa ya sa bakinki?"

"Ni na sa kayana. Ramalan, taso. Shiga ɗakin Alhaji, ƙarƙashin gado ta wajen bango, ka jawo min abin da ke nannaɗe cikin buhu."

Baba ya yunƙura.

"Kai Ramalan, in ka taka..."

"Taka, ɗana. In ya kore ka ni zan ɗauke ka aiki."

Ramalan ya dubi wannan, ya dubi waccan. Duk wanda ya taɓa cin tuwon gidan nan ya san wa ke da ƙarshen magana. Ya shige.

Da ya fito, da kyar yake ɗauke da abin. Ya dire a gaban Jibrilla ya koma gefe.

Inna ta yaye buhun.

Akwatin ƙarfe ne ja, irin na da, mai marfi biyu. Fentin ya ɗan dushe amma ba tsatsa ko ɗigo. A jikin marfin an rubuta da farin fenti: JIBO.

Jibrilla ya zuba wa akwatin ido.

"Buɗe mana," in ji Inna.

Ya buɗe. Kile-kile a jere daga ƙarami zuwa babba, filaya, guduma, sukudireba, kowanne yana ƙyalli da mai. Ba wanda aka taɓa ɗora wa ƙusa.

"Ka tuna shekarar da katafila ta shigo tsohuwar unguwa?" Inna ta zauna kan benci ta miƙe ƙafa. "To kafin ta shigo ya sayo wannan. Har goro ya yi magana a kawo masa. Sai aka rushe mu. Yaransa suka watse, wannan ya bi iyayensa can bayan gari, wancan ya koma ƙauye. Safwan ɗinmu, shi kaɗai Allah ya ba mu, ya ce shi Abidjan za shi. Ka san tun daga nan sai murya a waya."

"Adawiyya, ya isa."

"Bai isa ba. Kai kaɗai ka rage masa, Jibo. Kai ka ɗauko kwanon rumfar nan a ka kuka kafa ta a nan. Na ce Alhaji, ga yaro ya yi maka komai, a yaye shi mana. Ka san me ya ce min?"

Jibrilla ya girgiza kai.

"Ya ce, in na wanke masa hannu shi ma tafiya zai yi."

"Ƙarya kike min!"

"Ni da kai wa ya saba? Shekara ta zagayo na ce a yaye shi, ya ce baɗi. Ka zama kakakin kanikawa, ya ce bari ya natsu. Ka zama dapite, ya ce yanzu kam in na sake shi ko a hanya ba zan ƙara samunsa ba. Kowace Juma'a sai ya jawo akwatin nan ya goge da mai. Ranar Asabar kuwa tun asuba yake kan kujerar nan. In ka makara ya hana ni sakat, wai ko moto ta lalace, wai ko ba ka da lafiya."

Ta juya wajen mijinta.

"Yaro yana can yana zaton bai iya aiki ba. Kai kuma a bayan idonsa kana ce wa mutane duk Wagadugu ba hannu irin nasa. Wannan wace irin ƙauna ce mai kama da mugunta?"

Baba ya yi ta jan carbi da sauri, bakinsa na motsi ba a jin komai.

Jibrilla ya shafa sunansa da ɗan yatsa. Hawaye suka zubo masa, bai ko yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Shekara da shekaru yana neman laifinsa, ashe ba laifin. Wani sanyi ya sauko masa a ƙirji, tare da wani haushi-haushi, tare da tausayin tsohon da ya rasa yadda zai ce kada ka tafi sai ta hanyar tsintsiya.

"Baba," ya ce, "ko kun yaye ni, ina zan je?"

"Ka rufe min baki. Dapite guda yana kuka gaban 'yarsa."

Shi ma muryar tasa ba ta fita daidai ba. Ya yi gyaran murya har sau biyu.

"To, tunda an tona ni a gidana. Ku saurara. A sayo goro yau, fari, mai kyau, ba irin na 'yan siyasa ba. Tijjani ya bi garaji-garaji ya raba. A ce musu Illiya na gayyata ranar Asabar. Kafin a fara mitin, a gaban kowa, zan wanke maka hannu in ba ka kayanka. Afishi ya zama gaskiya, patorori su ci goronsu, kowa ya kawo yaransa. Magana ta ƙare."

Munira ta daka tsalle, zomkom ya kusa kifewa.

"C'est réglé! Yaaba, barka wusgo, na gode sosai! Wallahi zan yi direct a Facebook, duk Burkina sai ta gani!"

"Ke da wayar nan sai na jefa ta a bokitin mai."

Inna ta rangaɗa guɗa ƙarama. Tijjani yana ta washe baki.

Jibrilla kaɗai bai shiga murnar ba.

Idonsa ya sauka kan Ramalan, wanda ya koma can jikin bango yana goge hannu da tsumma. Yana murmushi shi ma, har zuciya. Amma Jibrilla ya san wannan murmushin. Shi ya yi ta yinsa duk ranar da aka yaye wani. Ramalan na da 'ya'ya a lekol. Ya shigo garajin nan da saje baƙi ƙirin.

A hankali Jibrilla ya rufe akwatin. Ya sa hannu biyu ya tura shi har gaban ƙafar Baba.

Ƙarfen ya yi ƙara a ƙasa.

"Mene ne wannan?" in ji Baba.

"Baba, Allah ya saka da alheri. Ba abin da nake so a duniya kamar akwatin nan, Allah shi ne shaida."

"To?"

"Ramalan fa?"

Ya nuna ɗayan da hannu.

"Tijjani fa? Tun kafin in shiga majalisa suka gama iya aiki."

"Papa!" Munira ta riƙo hannun rigarsa. "Pas maintenant, ba yanzu ba, don Allah!"

Ya zame hannunta a hankali.

"Yaya zan hau kan tebur ranar Asabar in ce a saki 'ya'yan mutane, alhali ni kaɗai aka saka don ina da kujera? Aparanti nawa za su tsaya a wurin suna kallona? In za a wanke hannu, Baba, a wanke mana mu uku. In ba haka ba, ku bar ni da tsintsiyata."

Baba ya miƙe zaune sosai.

"Sharaɗi kake kafa min?"

"Roƙo nake yi."

"A garajina? Kai da ko yaye ba a yi maka ba?"

"Shi ya sa na san yadda abin yake."

"To ka ji. Ba goro, ba yaye, ba mitin. Ka je dokarka ta zaɓe ka."

"Honorabul," Ramalan ya matso da sauri, "don Allah bar maganar nan. Mu ba mu kai ƙara ba. Mu mun yarda da zamanmu. Karɓi kayanka kawai."

Jibrilla ya dube shi. Ba tsoro ne a fuskar Ramalan ba. Wani abu ne daban, kamar mai roƙon kada a taka inda ya rufe.

Inna ma ta daina fara'a. Ta sauke murya.

"Alhaji, faɗa masa."

"Yi min shiru."

"Ɗanka ne. In ba ka faɗa ba zai tafi da zaton mugunta ce."

"Na ce ki yi shiru, Adawiyya!"

Wannan karon ta yi shirun. Ta sa gefen mayafi ta share ido, abin da Jibrilla bai taɓa gani ba tun rasuwar mahaifiyarta. 

Baba ya juya fuska wajen ƙofa. Can ya ce:

"Tijjani, sauke labulen ƙofa. Kada kowa ya shigo."

Aka sauke buhun da ke tare bakin rumfa.

"Jibo, matso."

Ya matsa har gwiwarsa na taɓa akwatin.

Tsohon ya miƙo hannu. Hannun ya wuce ta gefen kafaɗar Jibrilla, ya dawo, ya lalubo wuyan rigarsa, ya hau har kumatu. Ya tsaya nan, tafin mai kaushi.

"Ka rame," ya ce. "Ba ka cin abinci."

"Baba..."

"Damina biyu ke nan. Da farko gefe-gefe ne ya fara duhu. Likita ya ce hawan jinin ido ne, wai na makara. Yanzu inuwa kawai nake gani, ita ma sai da rana tsaka."

Munira ta toshe baki da hannu biyu.

"In an kawo moto, ni in saurara, Ramalan ya duba ya raɗa min, sai in faɗa da ƙarfi kamar ni na gani. In za ni masallaci, Tijjani ya jera da ni muna taɗi, kafaɗarsa na taɓa tawa. Ba wanda ya sani. Ranar da aka sani, wa zai kawo wa makaho gyara?"

Jibrilla ya kama hannun da ke kumatunsa ya riƙe gam. 

"Dokarka mai kyau ce, Jibo. Ban ce ba kyau ba. Amma Ramalan shi ne idona na dama, Tijjani na hagu."

Tsohon ya juyo da fuskarsa daidai inda yake jin numfashin yaronsa.

"Kai ne dapite. Faɗa min, wanne zan fara cirewa?"